Allon Darar Malam Rabe

Riyad, 20 ga Safar

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa. Majid da yara suna gaishe ki. Tunda kin ce in na kira kuka ke hana ki magana, na bi shawararki: na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo ta jawwal, wato wayar hannu. Ki yi haƙuri da Hausata, kin san Larabci ya ci rabinta.

Umma, kin tuna ma'arad ɗin da na ce zan kawo Baba? Babban taro ne na masu wasannin tebur, za a yi shi nan Riyad kwana uku, daga 24 ga Jumada Ula. Mutane kan zo daga garuruwa da wasanninsu, sababbi na kwali da tsofaffi na gado, a ba kowa tebur ya koya wa baƙi. Ni na roƙi Rakan, shugaban ƙungiyarmu ta wasa, ya ba Baba tebur saboda dara. Na ce masa duk unguwarmu ta Kudai babu mai cin Malam Rabe, shekara da shekaru a ƙofar shagonsa. Har na duba masa jirgi daga Jidda, na gyara ɗakin baƙi.

Jiya Rakan ya tambaye ni, yana ta jin nauyi, ko a ba wani teburin. Na ce ya dakata. Abin da nake so, Yaya Hisham ya aiko mini da allon darar Baba, a sa shi cikin gilashi, a rubuta sunansa a gefe. Ni dai ban iya ba. Abin da na sani kawai gida talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, in ka jera uku ka cire na abokin wasanka ɗaya. Wallahi ina nadamar rashin zama in koya.

Ki gaida Baffa Tsoho da Goggo Maryama. Ki riƙa cin abinci, don Allah.

'Yarki,
Suhaila

*

Kudai, Makka, 24 ga Safar

Zuwa ga 'yata Suhaila,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode, Allah Ya yi miki albarka. Haƙuri sai godiyar Allah. Ki shafa mini kan yaran.

Allon nan ba zai shiga gilashi ba. Mahaifinki da hannunsa ya sassaƙa shi daga ƙyauren tsohon shagonmu, don a taɓa shi ya yi shi.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da kuna makaranta, kullum bayan karin kumallo, kafin ya fita shago, mukan rufe ƙofa mu buga dara sau biyu. Haka muka yi shekara talatin da huɗu, in ka cire kwanakin Hajji da yake tafiya Mina aikin jagoran alhazai. Lokacin da aka kawo ni gidansa bai san ko yadda ake jera 'ya'ya ba. Ni na koya masa. Ni kuma kakata ta koya mini a Abeshe, a ƙasa muke haƙa gidajen, ita da ƙwallon dabino, ni da tsakuwa.

Abin da ya koya da safe, shi yake kaiwa ƙofar shago da la'asar ya kayar da maza. In ya dawo yana cire takalmi yana dariya, ya ce, "Shatu, tarkonki na kusurwa ya sake kama Tsoho." A cikin goma da muke bugawa, in ya ci biyu ranar har shayi yake dafa mini.

Na ƙirga kwanakina. Takabata za ta ƙare 15 ga Jumada Ula, kwana tara kafin taron naku. Ban ce komai ba tukuna, tambaya nake. Mata suna zama a teburin? Dole sai an yi magana a lasifika? Ki ce wa yaron nan Rakan kada ya yi gaggawa.

Allah Ya tsare ku.

Mahaifiyarki,
Shatu

*

Riyad, 25 ga Safar

Ummata,

Assalamu alaikum. Sau huɗu na karanta takardarki, a wurin aiki, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko wani rashin aka sake yi. Ya Umma! Gida ɗaya muka zauna shekara ashirin da uku, ban taɓa ganin hannunki a kan allon nan ba sai in za ki goge ƙura. Na ji daɗi, kuma na ji ciwo. Me ya sa ba ki koya mini ba?

Tayyib, ga amsa. Mata suna da yawa, wasu da niƙabi ma, da teburinsu. Babu lasifika. Mutum ya zo ya zauna, ki nuna masa, ku buga, ya tashi wani ya zo. Akwai wurin sallah na mata kusa da zauren, kuma zan kasance gefenki daga buɗewa har rufewa. Jirgi daga Jidda bai kai awa biyu ba. In kina tsoronsa akwai bas, amma zaman zai wahalar da gwiwarki. Ki ce to kawai, sauran nawa ne.

'Yarki mai ɗoki,
Suhaila

*

Rusaifa, Makka, 9 ga Rabi'ul Awwal

Suhaila,

Salam. Ina fata kuna lafiya, ki gaida Majid. Ban iya doguwar takarda ba, amma in na kira za mu yi faɗa, shi ya sa.

Ke kina Riyad kina tsara jirgi, ni nake zuwa Kudai kullum in na rufe shago. Umma ta rame. Sukarinta ya hau sau biyu a watan nan. Rabonta da fita daga Makka tun bikinki. Baffa Tsoho ya ji zancen tafiyar, ya ce daga takaba sai teburin wasa gaban baƙi, me mutane za su ce da gidan ƙaninsa?

Wannan duk ba shi ne ya dame ni ba. Shekaranjiya na shiga da azahar ba ta ji sallamata ba. Na same ta zaune gaban allon, ta jera 'ya'ya ɓangare biyu, tana magana ita kaɗai, da Larabci, tana murmushi ga bango. Na daɗe a tsaye. Suhaila, na ji tsoro. Mun rasa Baba, ba na son ita ma ta tafi tana zaune a gabanmu. Ki bar zancen nan, don girman Allah, ki bar ta ta huta.

Yayanki,
Hisham

*

Kudai, 16 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga 'yata Suhaila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi, ina shan maganina, kada a tayar miki da hankali.

Yayanki ya faɗa mini abin da ya rubuta miki. Na ce masa, "Kai dai ba ka tambaya. Larabcina na kasuwa ne, na sayen tumatir. In baƙo ya zauna gabana ya zan ce masa jera huɗu ba ci ba ne? Gwaji nake." Ya sunkuyar da kai, sai ga hawaye, babban mutum da gemu. Na ce tunda bango ba ya amsawa, ya zauna ya zama baƙon. Kwana biyar ke nan yana zuwa muna bugawa. Hannunsa irin na ubansa ne, gaggawa. Amma yana gyara mini Larabci, ni ina gyara masa wasa, kuma tare muke cin abinci.

Kada ki ce ban amsa tambayarki ba. Ban koya miki ba saboda tsoro. Yaro ba ya riƙe magana, na san wata rana za ki faɗa a waje. Na cuce ki a nan, ki yafe mini.

Ranar Juma'a Baffanku ya zo da Goggonku Maryama. Ita ta shigo, shi ya zauna a falo, labule tsakaninmu. Ya yi ta nasiha a kan mutunci, ina saurare. Da ya gama ya ce, "Kuma ma Shatu, me za ki nuna musu? Dara ba abin da ake koya da kallo ba ce." Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Yaya, in an bar maka ci a layi na biyu kusa da kusurwa, ka daina ɗauka."

Can ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?" Na ce ba wanda ya gaya mini. Ya ce, "La ilaha illallah. Ashe shekara ashirin ke ce kike cinye ni daga cikin ɗaki." Maryama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in dai tafiyar ta tabbata da ita za a je. Shi bai yi dariya ba. Da zai fita na ji yana ce wa yayanki a hankali, "Ni na ɗauka Rabe ne." Muryarsa kamar an ƙwace masa wani abu.

Wannan maganar ta hana ni sukuni, Suhaila. Mahaifinki bai bar gidaje ba, bai bar babban suna ba. Jaka da laima ya sayar wa alhazai har ya koma ga Allah. Abu ɗaya da in an ambace shi a Kudai maza suke gyara zama su ce, "Malam Rabe, ai ba a cin sa," shi ne darar nan. Ni na ba shi da hannuna, da daɗin raina. Yanzu ƙasa ta rufe shi, ba ya iya magana, sai in tashi in je Riyad in karɓe? Na ga yadda abin ya yi wa ɗan'uwansa. Ba zan iya ba.

Ki ba Rakan haƙuri. In kina son gilashin, zan sa a aiko miki da allon. Ki rubuta sunan mahaifinki shi kaɗai.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Shatu

*

Riyad, 2 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki gafarce ni da na yi shiru kwana da kwanaki. Na fara takarda uku ina yayyagawa, duk roƙo ne, kuma na ga bai kamata in matsa miki ba. Babu abin da zan yafe, Umma. Kin fi ni sanin mijinki.

Jiya na je wurin Rakan don in saki teburin. Ya ce ba komai, har ya buɗe takardar tsarin zaure zai goge. Sai ya tsaya ya ce, "To kujera ta biyun fa, ita ma malamar ba za ta zo ba?" Na ce wace malama? Ashe a watan Zulƙida, bayan na haɗa su, ya kira Baba don cike takardar masu tebur, Baba kuma ya amsa masa da saƙon murya. Yana nan a jawwal ɗinsa. Ya kunna mini a tsaye a bakin ƙofa, ban shirya jin muryar ba, sai da na zauna a ƙasa.

Da Larabcinsa yake magana, kin san shi, yana yi yana tari. Ga abin da ya ce, na mayar miki da Hausa yadda zan iya: "Ɗana, ka sa mini kujera biyu. Ni ɗalibi ne kawai. Wadda ta koya mini tana gida, ita ce uwar 'ya'yana. Shekara talatin ina cin yabon da ba nawa ba, ya ishe ni nauyi. Kunya gare ta, amma zan lallashe ta bayan Hajji. Kada ka gaya wa Suhaila tukuna, bakinta ba ya rufuwa."

Bayan Hajji kin san ciwo bai ba shi dama ba. Rakan kuma ya ɗauka tuni kun yi maganar.

Na turo miki saƙon a ƙasan wannan hoton. Kada ki kunna sai Yaya Hisham yana kusa. Ban ce ki zo ba, Umma. Na ga dai saƙonki ne, bai kamata ya zauna a jawwal ɗin wani ba. Rakan ya ce zai riƙe teburin har ki fita takaba.

'Yarki,
Suhaila

*

Kudai, 16 ga Jumada Ula

'Yata,

Assalamu alaikum. Jiya na fita takaba, alhamdu lillah. Na je Harami na yi masa addu'a.

Na ji saƙon. Na sa yayanki ya kunna wa Baffanku ma. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido, ya ce a gaya mini yana neman wasa ɗaya in na dawo, ko da ta bayan labule ne.

Ba jirgi, ba bas. Yayanki zai rufe shago ya kawo mu da mota, ni da Maryama, ranar 22 bayan asuba. Ki dafa mana abu marar sukari.

Ki ce wa Rakan ya bar kujerun yadda mahaifinki ya nema. Ɗaya tawa. Ɗayar kuma, kafin a buɗe wa baƙi ƙofa, ke za ki fara zama a kai.

Sai mun iso, in Allah Ya yarda.

Mahaifiyarki,
Shatu