Lambar da Ta Ƙi Sauka

Portsmouth, Ohio
6 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Dwight,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ruwa. Yaya sanyin kogi? Yaya bayan nan naka da kake ɓoye mana ciwonsa? Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko har yanzu kukun jirginku yana ƙona muku wake.

Albishirinka. Ƙungiyarmu ta mashayar Dot ta kai gasar zakarun gari ta sunuka, wasan nan na sanda da ƙwallaye a kan tebur, kuma wadda ta ci za ta tafi Las Vegas a watan Agusta. Ka san rabon Baba da can tun muna 'yan makaranta. Da Kawu Gene, kyaftin ɗinmu, ya faɗa masa, sai ya tashi. Gida ya koma ya ɗauko sandarsa ta wasa, ya zauna a baranda yana goge ta har abincinsa ya huce.

Sai dai ba murna ce ta sa na ɗauki biro ba. Kai da ba ka taɓa zuwa gidan Dot don wasa ba sai don soyayyen tarwaɗa, bari in yi maka dalla-dalla. Kowane ɗan wasa yana da lamba, daga biyu zuwa bakwai, gwargwadon gwanintarsa. In mai uku ya haɗu da mai shida, wasa biyu zai ci ya gama, mai shida kuwa sai ya ci biyar. Wai don kada gwanaye su riƙa cin zalin 'yan koyo. Sannan mutum biyar ɗin da ƙungiya za ta tsayar, in aka haɗa lambobinsu, kada su wuce ashirin da uku. Namu cif yake: Baba shida, Hollis shida, Kawu Gene biyar, ni da Twila uku-uku. Duane, wanda ke jiran ko-ta-kwana, biyar ne.

Shidan Baba tsohuwar shida ce. Da ita ya buga Las Vegas, kuma dokar gasa ta ce duk wanda ya buga can lambarsa ba ta ƙara sauka. Hannun da ya ci wannan shidan, yanzu kofin shayi ma sai ya tallafe da ɗayan. Kawu Gene ya kai kuka ofishin gasa, suka ce masa su ba su san tsufa ba, lamba suka sani. Don haka Baba yake shiga da nauyin wasa biyar a kansa, a gaban mutanen da a dā ba su isa su riƙe masa allin goga sanda ba, kuma yawanci yana faɗuwa. Amma yana buga nasa, sauran huɗun mu rufa masa asiri.

Ni kuma laifina shi ne na iya. Tun hunturu Baba yake tsare ni a gareji kan tsohon teburin nan, har hannuna ya faɗa. Ranar Talata Kawu Gene ya ja ni bayan ƙofar kicin ɗin Dot, ya ce, "Lorna, hannunki ya fara yawa fa."

Na ce, "Kawu, ai abin murna ne."

Ya ce, "Murnar me? In suka ɗaga ki zuwa huɗu mun zama ashirin da huɗu. Dole ɗaya cikin masu shida ya zauna. Ke faɗa mini, Hollis zan zaunar, mutumin da ke ci mana manyansu?"

Na ce to ni in zauna, Duane ya shiga. Ya ce, "Ke ma dai da wani zance, lissafa mana. Ashirin da biyar ke nan. Ni ban ce ki faɗi ba, 'yata. Ki ci abinki, amma ki ja wasan. Ki kuskure ƙwallo biyu ko uku, ki bar su a bakin rami." Ofishi da yawan zuwan mutum tebur kafin ya gama wasa suke auna shi, wanda ya daɗe yana kuskure shi ne ɗan koyo a wajensu.

Yaya, gaba kura baya sayaki. In na buga yadda Baba ya koya mini, na zaunar da shi. In na bi Kawu, na zama irin mutanen da Baba ke ƙin gaisawa da su bayan wasa. Barin ƙungiyar ma an hana ni. Kawu ya tafi yana fito, ya san ya gama da ni.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar nan mai kauri.

Taka ƙanwa,
Lorna

19 ga Afrilu

Yaya Dwight,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Ka ce "wasa ne kawai, kada in ɗora wa kaina." Na gode da wannan babbar hikima. Sai ka zo ka faɗa wa Baba haka a gabana, in ga inda za ka ɓuya.

Na yi abin da Kawu ya ce. Mun tsallake zagaye biyu ranar Asabar, na ci duka wasannina, kuma har yanzu uku nake. Ban taɓa sanin kuskure da gangan yana da wuya haka ba. Hannu ya san hanya, sai ka murɗe shi kaɗan ana kallonka, sannan ka girgiza kai ka yi tsaki kamar abin ya dame ka. Tsakin ne ya fi ba ni kunya. Bev Sizemore, wadda ke rubuta wa ƙungiyar masu gyaran taya maki, ta zo kallo, ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Lorna, idonki ne yau, ko teburin ne ya karkace?" Na ce mata ta ji da tabaranta. Aka yi dariya.

Akwai wata al'ada da ba ka sani ba. In mutum ya ga ba shi da hanya, ya ƙi neman rami da gangan, ya ɓoye wa abokin karawarsa farar ƙwallo, sai ya ɗaga yatsa ya ce "tsaro". Masu rubutu su sa shi daban, ba ya shiga lissafin kuskure, don kada lambarsa ta yi ƙasa da gaskiyarsa. Ba mai tilasta maka, kai da zuciyarka ne. Baba tun muna yara nake ganin yatsansa a sama, ko ba wanda ya lura. Ni kuwa ranar Asabar yatsana bai tashi ba ko sau ɗaya.

Baba ya buga da wani mai biyar, ya faɗi. Amma akwai wani bugu guda, Yaya, da na so ka gani. Baƙar ƙwallo tana maƙale a bango, hannunsa na rawa, ya tsaya har rawar ta lafa, ya aika ta bango biyu ta faɗa ramin tsakiya. Duk zauren ya ɗau tafi, har abokan hamayya suna buga gindin sandunansu a ƙasa. Ya dawo kujera yana goge tabarau alhali ba abin da ya same su. A mota yana ta ba ni labarin teburan Las Vegas, wai sun fi ɗari a ɗaki guda, kuma yana so ya sake tsayawa a gaban ɗaya kafin idonsa, da ya fara rauni, ya tafi gaba ɗaya. Na ce masa in Allah ya yarda.

Ranar Lahadi bayan coci ya kira ni gareji. Ya jera ƙwallayen daidai yadda suke a bugun da na kuskure, ya ce, "Zo mu gyara wannan, kada ya sake kunyata ki." Na buga, ta shiga. Ya sake jerawa, ta shiga. Na so in kuskure ko sau ɗaya don in rufe, amma a gabansa hannuna ya ƙi. Muka yi ta yi har na daina ƙirgawa. Daga baya ya tsaya yana jujjuya alli a hannunsa, ya dube ni, ya ce, "To." Ya kashe fitila muka shiga cin abinci.

Tun daga ranar bai sake zancen ba, ni ma haka. Saura Asabar mai zuwa, wasan kusa da na ƙarshe da rana, na ƙarshe da yamma. In na ja ranar nan guda ina uku, shi ke nan, Baba zai buga a Las Vegas. Ka sa ni a addu'a, ko da yake ban san me zan ce ka roƙa mini ba.

Twila tana gaishe ka, har sau biyu ta ce in faɗa.

Taka,
Lorna

2 ga Mayu

Yayana,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma jiki lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sai yau na iya zama.

Mun ci gasar. Na fara da wannan don kada ka ji a bakin wani ka yi mini murna.

A wasan kusa da na ƙarshe da masu gyaran taya muka haɗu, Bev ce ke rubuta musu. Jami'an gasa suna zagayawa tsakanin tebura da jajayen riguna, kuma a wannan matakin suna da ikon ɗaga lambar mutum nan take. Ina kan gaba a wasana, sai ga wata ƙwallo a bakin ramin kusurwa, wadda ko kai za ka jefa. Kawu Gene ya yi tari. Na murɗe hannu, ta bugi leɓen rami ta tsaya.

Sai na ji muryar Baba daga kujera, ba da ƙarfi ba: "Tsaro ne. Ku rubuta tsaro."

Kawu ya ce, "Haba Orval, kuskure ne, kowa na yi. Sha shayinka."

Baba ya ce, "Ni na koya mata. Ba ta kuskure wannan. Da wanda ta yi ɗazu a ramin tsakiya, shi ma ku rubuta."

Kawu ya matso ya rage murya, amma na ji shi: "Kai tsoho, ka san abin da kake yi wa kanka kuwa?"

Ya ce, "Na fi ka iya lissafi, Gene."

Wani jami'i ya riga ya tsaya a bayanmu. Bev ta ɗaga biro ta bar shi a sama, kuma yau ba tsokana a bakinta. Ta ce, "Lorna, maganar mai sanda ake rubutawa. Tsaro ne ko kuskure?"

Yaya, ban taɓa jin wuri ya yi mini ƙunci haka ba. In na ce kuskure, na mai da Baba tsohon da ya fara ruɗewa a gaban mutanen da suka san shi shekara da shekaru, amma zai buga. In na ce tsaro, na cire shi da bakina. Na dube shi ko zai ba ni wata alama. Bai ma kalle ni ba, teburin yake kallo.

Na ɗaga yatsa na ce tsaro.

Kafin wasan ƙarshe jami'in ya zo ya ce na zama huɗu, kuma mu gode da abin ya tsaya a nan. Kawu ya tsaya yana kame-kame, wai ko a zaunar da Hollis. Baba ya ce kada ya raina masa hankali, ya kwance sandarsa ya mai da ita jaka, ya ce wa Duane ya je ya wanke hannu, shi zai buga a madadinsa. Yana zaune da jakar a cinyarsa har muka gama. Na ci nawa ba tare da ja ba, Hollis ya ƙarasa sauran. Da aka zo hoto Baba ya tsaya a gefe, Dot ta jawo shi tsakiya da ƙyar.

A hanyar gida sai da muka wuce gadar jirgin ƙasa, sannan Baba ya ce, "Gene ne ya sa ki?" Na ce eh. Ya ce, "Don ni?" Na juyar da fuska wajen taga. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe har na kai a riƙa yi mini sadaka." Na fara kuka, na ce zan bar ƙungiyar gaba ɗaya, ba ni ba sanda. Ya ce, "In kika bari, a banza na zauna ke nan. Za ki je, ki buga da huɗunki."

Sunansa na cikin masu tafiya, amma lissafin bai canja ba, a Las Vegas ma ashirin da huɗu muke in yana ciki. Ya ce wa Kawu a ba matar Hollis kujerarsa ta jirgin sama.

Jiya Talata muka fara atisaye a gidan Dot. Shi ya ce zai kai ni, na ji daɗi, na ɗauka ya huce. Da muka isa ya tsayar da mota a inda ya saba, bai kashe ta ba. Na ce, "Baba, mu shiga mana." Ya ce, "Shiga, ina nan." Duk wasan ina hango hularsa ta taga. Da na fito ya tambaye ni sau nawa na zo tebur, na faɗa masa, ya ce ba laifi, ya ja mota. Ya ce Talata mai zuwa ma shi zai kawo ni.

Ka rubuto masa, Yaya, don Allah. Ka ba shi labarin kogi, da kukunku, da duk abin da ka ga dama. Kada dai ka yi masa barka da cin gasa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ce ƙanwarka mai kewarka,
Lorna