Suna na Takwas

Handsworth, Birmingham
18 ga Mayu, 2014

Zuwa ga Baffa Halliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ba Inno sauƙin ciwon ƙafa. Mu ma muna nan ƙalau. Umma ta samu aikin kula da tsofaffi, ƙanena Jalilu ya daina kukan tsohuwar makarantarsa, sai dai ɗaki ɗaya muke ciki mu uku tun da aka rufe wurin aikin Umma muka baro Manchester.

Baffa, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Umma. Na ɓoye wani gwangwanin biskit a ƙasan kayana, kuma ba namu ba ne. Na wani tsohon Bature ne mai suna Alfred. A ƙaramin laburaren da ke kusa da tsohon gidanmu na unguwar Hulme a Manchester na san shi, ina taya shi karanta saƙo a kwamfuta saboda idonsa ya yi rauni. Yayansa Dennis ma'aikacin jirgin sama ne a yaƙin duniya na biyu. Suna kai wa mutanen Faransa masu yaƙar Jamus a ɓoye makamai, sai aka harbo jirginsu a bayan wani ƙauye, su bakwai, babu wanda ya tsira. Mutanen ƙauyen suka kafa musu dutse da sunayensu. Duk watan Yuli suna taruwa a karanta sunayen da ƙarfi, Alfred kuma bai taɓa fashin zuwa ba sai da ƙafa ta gagare shi.

Wata rana ya tambaye ni mahaifina. Na ce ya rasu ina shekara shida, a Kano aka binne shi. Sai ya ce in faɗa masa sunansa, shi ma ya riƙe. Baffa, ka san ban taɓa kama sunan Abba da bakina ba. A makaranta ana kiransa kullum a bayan nawa, amma su ke kira, ba ni ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Shi kuwa ya ɗauka mantawa na yi. Idonsa ya cika da hawaye, ya ce ba laifina ba ne, ƙarama ce ni lokacin. Washegari ya kawo gwangwanin, da hoton Dennis da na dutsen da wasiƙun ƙauyen a ciki, ya ce wadda ta san zafin rasa suna ita ce za ta iya riƙe masa wannan. Kunya ta hana ni gyara masa. Na karɓi amana a kan abin da ba haka yake ba.

Bayan nan aka rufe laburaren, mu ma muka tashi. Na buga lambarsa, ba ta shiga. Takardar da na aika masa ta dawo. Ko yana da rai ko ya mutu ban sani ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wasiƙar ƙarshe ta cikin gwangwanin tana tambaya wa zai zo daga danginsu bana, shekara saba'in cif. Alfred ba shi da kowa. Ni kuma ko Manchester ba zan iya komawa ni kaɗai ba, balle Faransa.

Abin da ya fi damuna shi ne, kuskurensa yana zama gaskiya. Muryar Abba ta ɓace mini. Fuskarsa sai na duba hoto. Bara na ji kana gaya wa Umma a waya cewa ruwa ya share gefen maƙabartar, ko itacen da kuka kafa babu. Ba dutse nake roƙo ba, na san ba tsarinmu ba ne, kuma Allah ya san inda bawansa yake. Amma kai ka sa shi a ƙasa da hannunka, in kai ba ka gane wurin ba, wa zai gane?

Ka gaishe mini da Inno, da Gwaggo Rabi'a, da Hajo da jaririnta.

Jiya na rubuta wa mutanen ƙauyen cewa bana babu mai zuwa, kuma ba na jin za a sake zuwa. Ranar taron zan rufe ƙofa in karanta sunayen bakwai, sannan in faɗi na takwas, sunan Abba, in yi masa addu'a. Na gwada sau ɗaya, murya ta ƙi fita. Zan sake gwadawa. In rashin kunya ne, ka yafe mini, amma kada ka hana ni.

Taka 'yar,
Zinatu