Keken Inna a Lahadin Dabino

Kudai, Makka

Zuwa ga ƙanwata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Saƙonki ya iso. Kin ce ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma ta dage sai an kai ta tattakin Lahadin Dabino na wannan bazarar, tun daga bakin rafi har majami'a, kuma ni take so in tura kekenta. Kin ce in nemi hutu a makarantar da nake koyarwa.

Rifkatu, babu wata makaranta. Shekara goma sha bakwai ina yi muku ƙarya. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Takardun digirina suna ƙasan akwati, kyankyasai ne kaɗai ke karanta su. Sana'ata tura tsofaffi a keken guragu tsakanin Safa da Marwa, ina waige kada askarawa su kama ni. Iyayen mutane nake turawa kullum.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Maƙwabcina Nasrullahi ya taɓa tambayata labarin gida, na ce masa mahaifiyata ta rasu tun ina yaro. Tsoro na ji kada a san ɗan Kirista ne ni kafin in musulunta. Addinina bai ce in yi haka ba. Ni na ga dama.

Kin tuna shekarar da na dawo daga jami'a, na tsaya a gindin mangwaro ina yi muku dariya kuna bin jaki da ganyen dabino? Inna ba ta yi fushi ba. Ta ce mini mutanen da suka tarbi Almasihu da ganye, kwana biyar bayan nan suka ce ba su san shi ba, kuma su Inna suna yin tattakin ne don kowa ya tuna yana iya zama cikin mutanen nan. Na ce mata zancen marasa karatu ne. Yau ga mai karatun.

Ranar Asabar zan miƙa kaina ga hukuma a mayar da ni gida. Wanda aka fitar ta wannan hanya da wuya ya sake ganin Ka'aba, na sani. Kuma ana iya tsare ni makonni kafin a sa ni a jirgi. Idan na iso kan lokaci, zan tura ta har ƙofar majami'a, in jira ku a waje.

Ki karanta mata komai, har maganar Nasrullahi. Amma kada ki ce mata ina tafe sai kin gan ni da idonki. Na sha sa ta jira.

Ki gai da kowa.

Yayanki,
Yunus, wanda Inna ke kira Yunana