Jarkar asid a shagon Alhaji

Asabar, bayan isha'i

Na samu aikin.

Hajiya Binta ta ce kafin ta ɗauke ni goge-gogen gidanta, sai mun je kasuwar Wuse sayen kayan aiki. Mai shagon da muka shiga ya dire mata omo da bilic da jarkar asid, wai yana sa ƙasa ƙyalli. Na juya jarkar, na harhaɗa Turancin da na koya a tsoffin jaridu. An hana zuba shi a kan daɓen dutsen mabul, falonta kuwa duk mabul ne.

Na ce, "Hajiya, wannan zai cinye miki falo."

Mai shago ya ce, "Kai ɗan shara, yaushe ka zama injiniya?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "To Alhaji, karanta mata mana." Ya hau laluben tabarau a aljihu.

Na ɗauka bakina ya sake jawo mini kora. Sai a mota ta ce, "Litinin ƙarfe bakwai. Kai za ka riƙa zaɓen kayan, amma bakin nan ka baro shi can gidanku a Tungan Maje."

Na ce to. Allah ya sa in iya.