Safiyar da Babu Toka

Talata, 2 ga Satumba

Toka ta mutu yau da hantsi. Likitan dabbobi ya ce ƙoda ce da tsufa, wai shekara goma sha uku ga kyanwa ai ta ci zamaninta. Kamar wannan ne zai sa mu ji sanyi. Baban Auta ya naɗe ta a tsohon tawul ɗinsa ya binne ta a bayan gida, kusa da famfo. Auta ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Ni ban yi ba. Ina tsaye a kansu, abin da kawai ke yawo a raina shi ne, to gobe da safe fa? Allah ya yafe min.

Laraba, 3 ga Satumba

Ƙarfe bakwai muka tsaya a kicin ni da Auta muna kallon juna kamar baƙi.

Tun tana shekara goma take da farfaɗiya. Ga shi na rubuta, a takarda kawai nake iyawa. A gidan nan “abin” muke cewa. Tana shan magani, ya ragu sosai, amma duk wata biyu ko uku sai ya leƙo, kuma kusan kullum da hantsi. Shekara bakwai ke nan muna da hanyarmu. Da safe Auta ta fito kicin ta tsaya. In Toka ta cinye abincinta ta haye taga, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. In kuwa ta bar kwano ta liƙe wa ƙafafun yarinyar tana lasa tana kuka, to ranar babu fita. Sai in ja tebur gefe, in shimfiɗa katifa a falo, mu jira. A cikin goma, takwas sai ya zo. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa ba ta faɗa ba. Babanta har suna ya sa mata, Hajiya Hasashen Yanayi.

Yanzu wa zan duba? Ban je aiki ba. Na hana Auta ko leƙa ƙofa.

Juma’a, 5 ga Satumba

Ta daɗe a banɗaki, na buga ƙofa sau uku. “Mama, wanka fa nake!” To ni na sani?

Lahadi, 7 ga Satumba

Mun yi sa’insa da Baban Auta, a hankali dai, don kada ta ji.

Maganar shagon tabarau ce. Sun ɗauke ta koyon aiki, za ta fara ranar 15 ga wata. Wata huɗu tana bin wurin nan, ta yi jarrabawarsu ta zo ta ɗaya cikin mutum tara. Mota biyu ake shiga kafin a kai, ga tsallaka babban titi a tsakani. Lokacin da takardar ta zo har rawa na taka, don a lokacin akwai Toka.

Na ce a ɗage zuwa baɗi. Ya ce gurbi ba ya jiran mutum. Na ce titi ma ba ya jira. Sai cewa ya yi, “Yarinyar nan shekararta goma sha tara, ba za ki ɗaure ta da wutsiyar matacciyar kyanwa ba.” Shi da yake fita ƙarfe shida, sau nawa ya ga idonta na juyewa? Na faɗa masa haka. Ya tashi ya ɗauki rediyonsa. Na san na soke shi, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Da la’asar na hango Auta tsugune a wajen famfo tana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka abin ne, na fita a guje babu takalmi. Ashe hira take da kabarin.

Talata, 9 ga Satumba

Na koma gidan burodi bayan fashin kwana huɗu. Agogo (haka muke kiran shugabarmu a bayan idonta) ta dube ni ta dubi tsintsiyar hannunta. Ta ce ta ji an yi mana rasuwa, waye? Na ce kyanwa. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Aikina bai fi in karɓi burodi daga injin yanka, in zura a leda, in ɗaure, in buga kwanan wata ba. Shekara goma sha ɗaya ina yi, ko ido rufe zan iya. Yau sai da na buga wa leda sittin kwanan watan jiya. Wayata na cikin aljihun rigar aiki, abin da aka hana. Duk motsi sai in ji kamar tana rawa. Na kira gida sau bakwai daga banɗaki. Na bakwai ɗin Auta ta ɗauka ta ce, “Ina raye,” ta kashe.

Agogo ta ce in na sake fashi ba takardar likita, in nemi wata ledar a wani wurin.

Alhamis, 11 ga Satumba

Asibiti. Na kai ta ne don likitanta ya rubuta cewa kada ta fara aikin. Na kwashe labarin Toka kaf na ba shi. Ya saurara, mutumin kirki ne, sannan ya ce, “Mama, kyanwa ba ta cikin magungunan da na rubuta.” Dariya ya so in yi. Ban yi ba.

Ya juya wajen Auta, wai tana jin wata alama kafin ya zo? Na ce ba ta jin komai, likita, kwatsam yake zuwa. Ya ce, “Ita na tambaya.” Ta ƙura wa takalminta ido ta ce babu.

Ya ƙi rubutawa. Wai ta sha magani kan lokaci, ta sami barci, ta sanar da mai shagon abin da za a yi in ya faru, kada ta matsa kusa da injin da ba shi da murfi. Sauƙin faɗa ke nan ga wanda ba shi ya haife ta ba.

A mota ta juya fuskarta wajen taga har gida.

Asabar, 13 ga Satumba

Wannan kam dole in rubuta.

Kyanwar maƙwabciyarmu ta haihu kwanaki, na je na roƙo ɗaya, ’yar ja mai farin ƙirji. Tunanina ko ita ma za ta koya. Da safe na kira Auta kicin, na ajiye ’yar kyanwar a gabanta. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba, ta shige ƙarƙashin firji. Auta ta ce, kwana goma sha ɗaya kawai, Mama, har kin kawo wata? Na ce ba don wasa na kawo ta ba. Na ce tunda babu mai faɗa mana, ni da kaina zan kira mai tabarau in ce a haƙura.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko kifin gwangwani, ta fasa, ta tsoma yatsa a man ta shafa a idon sawunta. Muka tsaya. Ko minti ɗaya ba a yi ba ’yar banzar ta fito daga ƙarƙashin firji tana shinshina, ta liƙe wa ƙafar tana lasa tana kuka.

“Ga hasashen yanayinku nan,” in ji ta.

Na ce ta yi min bayani.

Ashe Auta ce ke ji, ba Toka ba. Tun ta farka take jin ƙauri kamar ana ƙona roba, kanta ya yi nauyi. Sai ta lallaɓo kicin kafin in fito ta shafa man. Shekara bakwai! Na ce ranar da ya zo Toka ba ta faɗa ba fa? Ta ce ranar kifi ne ya ƙare. Na ce ranakun da ta faɗa bai zo ba fa? Ta ce wani lokaci ƙaurin na wucewa haka nan, sau biyu kuma jarrabawar lissafi ce. Har ta ɗan yi murmushi. Ni kuwa raina ya gama ɓaci, na ce don me za ta mai da ni sakarya a gidana, bakinta ciwo yake?

Ta ce, “Ranar da na faɗa miki da bakina, me kika yi?”

Na tuna. Wallahi ban taɓa mantawa ba, ajiye shi na yi inda ba na dubawa. Tana shekara goma sha biyu, da kayan makaranta a jikinta, ta ce Mama ina jin ƙauri, yau zai zo. Na kai mata bayan hannu a baki. Kul, kada ki kira mana shi! Na tura ta makaranta. Ta faɗi a matakala, ɗinki shida a haɓa, tabon na nan. Duk shekarun nan a zuciyata cewa nake bakinta ne ya jawo.

“Ke kin fi yarda da Toka,” ta ce. “Ita ba kya marinta.”

Na mayar wa maƙwabciya kyanwarta.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na faɗa wa babanta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, can kuma sai ya daina, ya tashi ya fita waje ya daɗe.

Na goge mata riguna uku. Ba wai na yarda ba ne. Ban dai so a ga ’yata a yamutse.

Litinin, 15 ga Satumba

Na tambaye ta da safe, ban ma san yadda ake tambayar ba. “Ya… hancin?” Ta ce lafiya lau. Idan ƙarya take don kada ta rasa ranar farko fa? Wadda ta iya ruɗa ni shekara bakwai.

Na bi ta. Na shiga motar da ke bayan tata, na rufe rabin fuska da mayafi kamar ɓarauniya. Na ga ta tsallaka babban titin, ta tsaya, ta duba dama da hagu, ta wuce abinta. Shagon ƙarami ne, gilashi ta ko’ina, abin da na fara gani ke nan, gilashi. Wani dattijo mai furfura ya miƙa mata farar riga. Na tsaya a bayan wata mota har direban ya tambaye ni ko lafiya.

Na makara da awa ɗaya da rabi. Agogo ta dubi tsintsiyar hannunta kawai, wanda ya fi faɗan muni.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ta dawo tana ba babanta labarin yadda ake auna tsakanin idanu da ’yar rula. Ta auna nasa ta ce kansa a karkace yake. Ni ma ta zo za ta auna, na ce ina da aiki.

Ta ce tun Litinin ta gan ni. Wai mayafina ko a cikin mutum dubu za ta gane shi.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau ne.

Ina zuba ruwan zafi a flas ta fito, ba ta sa kayan fita ba. Ta tsaya daga bakin ƙofar kicin, nesa da ni, na lura da wannan. Ta ce, “Mama, ina jin ƙaurin. Yau zai zo.”

Kalmar nan ta taso min har maƙogwaro, kul ɗin nan, da zafinta kamar jiya. Na ajiye buta. Na riƙe hannuna na dama da na hagu. Na ce, “To.”

Shi ke nan abin da na iya. To.

Ita ta kira mai shagon da kanta. Ni na kira Agogo na faɗa mata gaskiya, da sunan ciwon, da bakina. Ta ce ƙanenta ma yana da shi, in zo gobe. Muka ja tebur tare da Auta, muka shimfiɗa katifa. Da ina zama ne a kujera ina kallon kyanwa. Yau ban san inda zan sa idona ba, sai na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce tsoro take ji, kullum ma tana ji, ba ta dai da wanda za ta faɗa wa sai Toka.

Ya zo goma saura. Na juya ta gefe, na duba agogo, minti biyu da ’yan daƙiƙu. Da ta farfaɗo ta yi barci har azahar da kanta a cinyata. Ƙafata ta mutu, ban motsa ba.

Juma’a, 26 ga Satumba

Jiya ta huta. Yau ta ce garau take, ta saɓa jakarta. Ban raka ta tasha ba, gwiwata ce ke ɗan damuna, ba wani abu ba. Wayar ma a lokar ajiye kayanmu na bar ta, don Agogo ta sa ido sosai kwanan nan.

Wajen sha ɗaya ina ɗaure leda sai kawai na tuna yadda Toka ke kwana a cikin kwandon wankina, ta bar min gashi a kan komai, in kore ta ta dawo. Yadda take jira na a ƙofa ƙarfe huɗu, ni, ba Auta ba. Shekara bakwai ina kallonta kamar na’ura, ban taɓa ɗaukarta na ɗora a cinya ba, wai kada in ɓata mata aiki. Ita kuwa baiwar Allah kifi kawai take so, da mu.

Kuka ya ƙwace min a gaban injin yanka, da majina da komai. Ta kusa da ni ta kashe injin ta ce, subhanallahi, ’yar ce?

Na ce a’a, ’yar tana wurin aiki. Kyanwata ce ta mutu.