Bulalar Gidan Mati

Litinin, 23 ga Satumba, 2002
Mutum uku na zane yau a ƙofar kotu. Biyu 'yan caca ne, ba su dame ni ba. Na ukun ne ya ɓata mini wuni. Mansur, saurayi, damin gero ɗaya ya ɗauke a gonar wani. Bulala ashirin. Ina naɗe dorina sai ga ubansa, tsoho Hamma, ya ratso mutane ya cafki gefen rigata. Wai, "Ɗantsoho, ubanka Mati ne ya dake ni a gindin darbejiyar nan. Yau ɗan Mati ya daki ɗana. Jikan Mati ma yana nan tafe, jikana yana jiransa." Jama'a suka kwashe da dariya.

Wallahi ba don furfurarsa ba da na haɗa da shi. Na ce masa ɗana Harisu kiredit shida gare shi, har abada ba zai taɓa wannan abin ba. Wai, "Kai ma ai ka yi boko." Tsohon banza! Firamare ce boko?

Alhamis, 26 ga Satumba
Maganar Hamma ta ƙi fita raina. Baba shekara talatin yana dukan mutane a gaban alƙali, ya mutu ko jaki bai bari ba. Ni yau shekarata goma sha tara ina masinja, ɗakin da aka haife ni a ciki nake kwana, har yanzu yoyo yake yi. Kuma duk wanda aka kwantar mini a benci na san ubansa, na san tsumman uban. Ban taɓa dukan bayan da ya ci ya ƙoshi ba.

Amma Harisu daban ne. Ƙaramar hukuma za ta tura mutum uku makarantar koyon aikin asibiti, an yi musu jarrabawa, shi ya zo na ɗaya. Da bakinsa magatakarda ya gaya mini. Farar riga zai sa. Sai na kai shi ƙofar gidan Hamma da ita.

Talata, 8 ga Oktoba
Matata Ikilima har ta saya masa akwatin ƙarfe a kasuwar Mashi. Uwa dai! Na yi mata faɗan gaggawa, amma ni ma sau biyu ina buɗe shi ina rufewa.

Laraba, 16 ga Oktoba
An kafe sunaye a sakatariya. Babu Harisu.

Layin farko an shafe shi da farin fentin nan na ofis, an rubuta Sadiq Yelwa da biro a kai. Ɗan Alhaji Yelwa ɗan kwangila, wanda ko jarrabawar bai zauna ba. Na ɓalle takardar na ɗaga ta saitin rana, ga sunan ɗana nan a ƙasa, harafi-harafi. Ko sake buga takardar ba su damu su yi ba! Mai gadi ya fizge, ya bangaje ni na faɗa kwata. Ni, da kakina.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Innalillahi. Harisu ya haɗu da Sadiq a tasha. Wai Sadiq na kan sabon babur ya ce masa, "Ɗan mai bulala, rakiya ka zo?" Harisu ya sungumi bencin mai shayi ya rafka masa a goshi, ya hau kansa yana naushi, sai da mutum huɗu suka ɓanɓare shi. Jini har kan burodin mutane. Ɗinki takwas aka yi wa Sadiq. Harisu yana hannun 'yan sanda.

Ban sani ba, in tsine masa ko in ce madalla.

Litinin, 21 ga Oktoba
Kotunmu aka kawo shi. Alhaji Yelwa ya ce shi ba ya son diyya, me ɗan masinja zai ba shi, a zane shi kawai a gaban jama'a. Bulala ashirin, gobe.

Alƙali ya kira ni ciki, ya ce zai aika Daura a turo wani. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a bar mini." Baƙo bai san inda zai sauke hannu ba. Ni na san yadda ake sa dorina ta yi ƙara ba ta ci fata ba. Malam ya ce to.

Talata, 22 ga Oktoba
Da hannun hagu nake rubutun nan.

Ƙa'idar Malam ita ce mai duka ya maƙale littafi a hammata don kada ya ɗaga hannu sama. Shekara goma sha tara littafin bai taɓa faɗo mini ba. Na fara a hankali. Ɗaya, biyu, uku. An kawo wa Alhaji kujera ya zauna a inuwa yana cin goro. Ya ce, "Wannan ai shafa ce." Ban kula shi ba. Sai Harisu ya juyo da kansa daga kan benci, ya dube ni, ya ce, "Baba, yi musu aikinsu da kyau. Kada su kore ka."

Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba. Littafin ya faɗi, ban tsaya ba. Ina duka ina jin kukan fata, rigar ta tsage, jini ya fantsamo mini a fuska. Ban san wa nake duka ba, Alhaji ne, mai gadi ne, Baba ne, ko ni. Sai muryar Malam na ji, "Ɗantsoho! Ya isa!" Wai ashirin da shida na yi. Wani abu ya ce ƙas a kafaɗata.

Alhaji da kansa ya tashi ya shige mota bai waiwayo ba.

Laraba, 23 ga Oktoba
Ikilima ta jiƙa rigar da ruwan ɗumi kafin ta ɓanɓaru daga bayansa. Na leƙa ɗakin, ta jefo ni da muciya, ta same ni a baki. "Fita! Mugu ɗan mugu!" Tunda muka yi aure ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na fita. Na tsani kaina, na tsani hannun nan.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Mai ɗori a Dutsi ya ja kafaɗar har na yi fitsari. Wai jijiya ce ta tsinke. Ko buta ba na iya ɗagawa da dama.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Azumi biyar. Harisu ya warke, yana zuwa yankan kara a gonakin mutane. Yana gaishe ni da safe, kansa a ƙasa, shi ke nan. Akwatin kuma Ikilima ta zuba wake a ciki.

Alhamis, 21 ga Nuwamba
Malam ya ce daga sama an ce a sallame ni, masinja mai hannu ɗaya ba shi da amfani. Sai ya miƙo mini fom. Wai ya yi magana, za a ɗauki Harisu a gurbina, kada albashin ya bar gidan. Wai yaro mai ilimi, ga ƙarfi, kuma ya san zafinta, zai yi adalci.

Alheri yake nufi, na sani. Na durƙusa na yi godiya. Kiredit shida! Na zo gida na cusa fom ɗin ƙarƙashin tabarma. In mutu in tashi ba zan ba shi ba.

Laraba, 11 ga Disamba
Kabiru ɗan maƙwabcinmu, abokin Harisu, ya ƙone. Jarkokin fetur yake kaiwa Nijar a babur ta hanyar daji, ya faɗi, wuta ta tashi. Ni na riƙe ƙafafun gawar da hannu ɗaya wajen wanka. Babu abin wankewa, fatar tana biyo hannu. Taimama aka yi masa.

Muna dawowa daga maƙabarta na ji mai baburan da Kabiru yake yi wa aiki yana tambayar Harisu ko zai hau gurbin Kabiru. Harisu ya ce zai yi shawara. A gabana!

Juma'a, 13 ga Disamba
Na ciro fom ɗin, gara ta ɗan ci gefensa. Na ajiye masa da biro. Ya karanta har ƙasa, ya ɗago ya ce, "Baba, ka tabbata?" Na daka masa tsawa, na ce ya sa hannu ya bar ni da surutu. Ya sa.

Na ɗan lokaci ne. Baɗi ma za a sake jarrabawar.

Litinin, 13 ga Janairu, 2003
Yau ya fara. Kakin nawa Ikilima ta rage masa, ya zauna masa ɗas. Na ce ba zan je ba, sai ga ni a bayan katangar kotu, wajen mai gyaran keke, wai iska nake sa wa taya. Daga nan ba a ganin benci, amma ana ji.

Mutum ɗaya aka kawo, bulala goma. Na ƙirga. Ba gaggawa, ba rawar hannu, kowace ta sauka inda ya kamata, ƙara mai kyau wadda ba ta cin fata. Ni sai da na shekara biyu kafin hannuna ya zauna haka. Ba wanda ya koya masa.

Mai keke ya ce, "Ɗantsoho, wannan ai ya fi ka." Na buɗe baki zan zage shi, sai na ji ina murmushi. Daɗi na ji. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Ban jira ya fito ba. Na turo kekena na dawo gida.