Maigidana na son babbar tarakta, idonsa kuma ya fara gazawa

Yaya mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Maganar tarakta ce. Kada ki yi dariya, ni ma ban taɓa zaton inji zai shiga tsakanina da kwanciyar hankali ba.

Maigidana direban babbar mota ne, tun kafin ya aure ni yake kan hanya. Ni kuma ɗinki nake yi a ɗakin gaba na gidanmu, ni da kekena da taga ɗaya mai kallon titi. Duk tsawon zamanmu, in ya dawo daga tafiya ya yi wanka ya miƙe ƙafa, hirarsa ba ta wuce gona. Sai ya ce wata rana za mu sami ɗan fili a bayan gari, inda ba hayaƙi ba ƙarar mota, ya riƙa noma ni kuma ina kiwon kaji. Yara har sun haddace maganar, in ya ɗauko ta su suke ƙarasa masa.

Bara Allah ya cika mana buri. Filin ba wani girma gare shi ba, in kika tsaya a bakin ƙofa kika ɗaga murya, wanda ke can ƙarshe zai amsa miki. Amma Yaya, da za ki gan shi da hantsi! Yana gangarawa a hankali zuwa wani ɗan rafi, a tsakiya akwai tsofaffin itatuwa da wanda ya sayar mana ya roƙe mu kada mu sare, ga wani ɗakin ajiya mai rufin kwano da tantabaru suka mai da shi nasu. In na zauna a inuwa, iska na kaɗa ciyawa, sai in manta ko wace rana ce.

Abin da ban faɗa miki ba shi ne, ba da son ransa ya bar tuƙi ba. Likita ya ce ganinsa yana tsukewa: gaba yana gani sarai, gefe ne yake ɓace masa sannu a hankali. Wurin aiki suka karɓi makulli, suka yi masa godiya. Ya shigo gida da matashin da yake jingina da shi a mota, ya ajiye a kan kujera. Har yau in barcin rana ya ɗauke shi, hannunsa na dama yana lalubar giyar mota a gefen kujerar.

To, a wani fili da ake sayar da tsofaffin injuna ya gano wata tarakta. Ja ce, fentin ya koɗe, tayar baya ta fi ni tsawo. Ya sa mata suna Giwa. Duk mako sai ya je ya gaishe ta, mai wurin har ya saba, yana barinsa ya hau ya zauna. Na taɓa raka shi. Da ya kama sitiyarin nan ya gyara zama, na rantse miki mutumin da na aura na gani, kafaɗa a miƙe, yana kallon nesa kamar hanya ta buɗe a gabansa. Na juya baya don kada ya ga idona.

'Yarmu ta fari ce ta gano wata a wani shagon, ƙarama, shuɗiya, gajeriya. Da ya gan ta ya ce wannan ai keken ɗinkina ne aka sa wa taya, muka yi ta dariya. Da ya zagaya baya yana hira da mai shagon, sai na ɗan hau. Ƙafata ta kai ko'ina. Na taka abin takawa, ƙafar da ta saba da keke ta ji kamar ta zo gida. Tun ranar in ina jan dogon ɗinki, sai ƙyallen ya koma mini ƙasa mai laima, ina tafe a kan shuɗiyar nan, kunyoyi na tashi a bayana, farin tsuntsu na bi yana tsintar tsutsa. Rannan har na ɗinke wa wata mata aljihun riga. Kunyar gona nake mafarki, kunyar faɗa masa ta hana ni buɗe baki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwanan baya muna gona na kawo masa ruwa, na tsaya dab da kafaɗarsa ta hagu da kofi a hannu. Yana ta hangen rafi, sai ya ɗaga murya yana kirana, yana tambayar ina na shiga. Alhali da na miƙa hannu, da na taɓa shi. Na tsaya a wurin ina tunanin Giwa a kan gangaren nan, da jikokinmu da ba sa zama wuri ɗaya.

Ɗanmu ya ce a bar Baba ya sayi abin da ransa ke so, ya sha wahala a kanmu. 'Yar ta ce mu sayo ƙaramar kawai a kawo, in ya gan ta a ƙofa zai haƙura. Abin da muka tara sau ɗaya zai yi sayayya, damina kuma ta kusa. Yaya, an riga an karɓe masa sitiyari ɗaya, ni ce zan karɓe na biyu? Ko in yi shiru in riƙa addu'a a bakin gona?

Matar Direba

'Yar'uwa, ban yi dariya ba, sai a wurin aljihun rigar nan. Allah ya ba maigida lafiya.

Mu fara da ido, don shi ne gaba da komai. Ku koma wurin likitan ku biyu, ki bar maigida ya yi tambayar da bakinsa: zai iya tuƙa inji a gangare, tsakanin itatuwa, inda yara ke wasa? Abin da ya faru ranar da kika kai ruwa, ki faɗa masa tun a gida, ku kaɗai, cikin taushi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai kaya da mutane lafiya ya fi kowa sanin abin da gefen da ba a gani yake jawowa. Ina kyautata zaton ya sani, faɗar ce take masa nauyi.

Ɗanku yana da gaskiya cewa ran mutum ma abin kulawa ne. 'Yarku tana da gaskiya a kan injin, amma dabararta ba ta yi ba. In aka sayo a bayan idonsa, kullum ya ga shuɗiyar nan zai tuna ranar da iyalinsa suka yanke hukunci ba da shi ba.

Ita tarakta gona ce ke zaɓenta. Ku auna faɗin ƙofa da na ɗakin ajiya, ku duba ko za ta iya juyawa a ƙarshen kunya ba tare da ta ci rabin shukar ba. Doguwar tarakta a gangare saurin kifewa gare ta, gajeriya mai faɗin ƙafa ta fi zama daram. Kowacce za ku ɗauka, ta kasance da ƙarfen kariya a saman kujera. Ku tambayi makanikin da ya fi kusa da ku wacce ya sani, kuma wacce ake samun kayan gyaranta ba sai an yi jira ba. Ku tabbata akwai garma da 'yar tirela daidai ƙarfinta, don in babu su, abin hawa kawai kuka saya. A tayar da ita da safe injin na sanyi, a duba hayaƙi da yoyon mai, a ɗaga garma a bar ta a sama a ga ko za ta sauko da kanta. Wannan duk aikin maigida ne. Kunnensa ya san inji fiye da na mai sayarwa, ki bar masa shi gaba ɗaya.

In ransa ya ƙi sakin Giwa, ku yi hayarta yini guda, direban mai ita ya kawo ta gonar ya gwada a gabansa. Wataƙila ta ba ni kunya. In kuwa ta kasa juyawa tsakanin itatuwan, shi da kansa zai ce a mayar da ita, ba ke ba.

Saura ke. Ki daina ɓoye mafarkinki kamar abin sata. Ki ce masa kina son ki koyi tuƙi, kuma ba ki yarda kowa ya koya miki ba sai shi. Wanda aka ce ya zauna gida ya huta, ba abin da yake jira kamar a ce ana bukatarsa gobe da safe.

Ki dai shirya, tsofaffin direbobi ba su iya koyarwa da sanyin murya ba. Zai yi faɗa, za ki kashe injin a tsakiyar gona, layinki na farko zai karkace har maƙwabta su leƙo. Ku shuka shi a haka, zai tsiro.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya sa ku ci amfaninta tare.